Rigakafin Dakta Na'Allah

Duk Bagudo babu wanda bai san Na'Allah ya taɓa aiki a asibiti ba, domin shi kansa bai taɓa barin kowa ya manta ba. Abin da ba ya faɗa shi ne kwana arba'in kacal ya yi, kuma aikin nasa wankin kwalabe ne a bayan ɗakin magani, can birni. Ya dawo gida da abu biyu: wata farar riga mai aljihu uku da ta yi masa burum-burum, da tsinken awon zafin jiki da ya tsinta a kwandon shara. Tun daga ranar, in ka kira shi Na'Allah gaya ba ya waiwayowa, sai ka ɗora masa Dakta. Aikin da yake ci da shi kuwa masinjan makarantar firamare ne. Shi ke buga ƙararrawa, shi ke kai takarda, shi ke hura ƙwallo in ta sace.

A shekarar da za a karɓi mulkin kai, aka sa wasan ƙwallo tsakanin 'yan makarantar Bagudo da na Kaoje ranar biki, aka ajiye kofi mai hannu biyu. Shekara uku ke nan Kaoje na lallasa Bagudo, har ta kai in ɗan Bagudo ya je can sayen shinkafa sai a tambaye shi, "Mudu huɗu za a auna maka, awa cin bara?" Bana kuwa yara sun sha alwashi. Tun farkon damina suke horo ba takalmi. Akwai Lauwali, kyaftin ɗinsu, wanda wannan ce shekararsa ta ƙarshe a makarantar. Akwai Ɗanliti mai tsaron gida. Akwai Manu, ɗan ruga, wanda in ya ɗauki ƙwallo sai dai a bi shi da ido.

Saura kwana goma biki, mura ta shigo gari. Ba irin wadda ake fyacewa a wuce ba ce. Wannan da zazzaɓi take zuwa da ciwon gaɓoɓi, ta kwantar da ƙato mako guda. Cikin waɗanda ta fara kayarwa har da malamin wasanni. Hedimasta Atiku ya rasa inda zai sa kansa, ga shirin maci, ga tutoci, ga jawabi. Ya aika aka kira Malam Namadi na ɗakin shan magani.

Malam Namadi mutum ne mai gajeriyar magana. Ya tsaya gaban 'yan wasa ya ce, "Wanda ya kamu ya zauna gida har ya warke. Kowa ya sha ruwa da moɗarsa. Ku wanke hannu da sabulu, in babu da toka. Mai tari ya rufe bakinsa ya juya. Taga kuma a bar ta a buɗe. Ni zan zaga Bahindi da ƙauyuka, sai ranar biki."

Ya hau kekensa ya tafi. Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba Na'Allah ya matso, yana gyara wuyan farar rigarsa.

"Ranka ya daɗe, wanga shi ne duk iliminsa? Moɗa da toka? Ai wanga kowace tsohuwa ta san shi. Mu a birni mura ko ƙofar asibiti ba ta iya bi, in ta hango mu sai ta sake hanya. Ka ba ni ɗiyan nan kwana goma. In ɗaya ya yi atishawa ranar biki, ka tuɓe min rigag ga gaban jama'a."

Hedimasta ya dube shi, ya dubi tarin takardun da ke jiransa. Ya ce, "Ka dai bi abin da Malam Namadi ya faɗa."

"Zan bi shi har in wuce shi."

Akwai abin da Na'Allah ke hange. An ce babban malamin lafiya na lardi zai halarci bikin, kuma ana neman wanda za a ɗauka duba-gari. Ya riga ya ga kansa da hular kwano da keke, matan gari na ɓoye tukwane in sun ji ƙararrawarsa.

Da la'asar ya je majalisar ƙofar shagon Bunyaminu tela, inda ake warware duk wata maganar gari, ya bayyana bincikensa. Ya ce murar ba ta ƙasar nan ba ce. Mutanen Dahome sun sallami Faransawa tun watan jiya, su kuwa da za su tafi suka manta murarsu, ita ce take yawo tana neman masauki. Ta kasuwar Lolo da ke bakin iyaka take shigowa, a bakin fatake.

Bunyaminu bai ɗaga kai daga kekensa ba. Ya ce, "To Dakta, kai ƙaƙa kaka gane ta Faransa da ta gida?"

"Da kunne. Tarin Faransa ta hanci shika fita, awa maganarsu. Namu daga ƙirji shika tasowa."

"Wanda ya yi duka biyun fa?"

"Wanga tafinta ne. Shi ya fi haɗari."

Kashegarin kasuwar Lolo, tun da hantsi, Na'Allah ya ɗauko igiyar ja-in-ja ta makaranta ya gitta ta a hanyar shigowa gari. Bakin igiya ɗaya ya ɗaure a jikin kuka, ɗayan a ƙafar bencin da ya zauna a kai. Duk wanda ya iso sai ya tsaya ya yi masa tari uku a kunne. Fatake suka ga farar riga suka ɗauka umarni ne daga sama, suka yi layi da jakunansu. Mai gishiri ya yi tari aka sallame shi. Mai tabarmi ya yi aka ce ya sake, muryarsa ba ta fita ba. Wani mai busasshen kifi ya iso idanunsa jajir, yana rawar ɗari cikin rana. Na'Allah ya ce ya matso sosai. Mutumin ya matso, ya tattaro abin da ke ƙirjinsa tun daga Lolo, ya sauke masa shi a fuska.

Na'Allah ya share da hannun riga, ya yi ɗan nazari. "Daga ƙirji ne. Na gida. Wuce."

Sai ga Goggo Hamsatu, kakar Manu, da ƙwaryar nono a ka. Ta tsaya ta dubi igiya, ta dubi mai igiya.

"Goggo, tari uku."

"Ba ni da shi."

"Ki nemo. Doka ce."

"Ɗan nan, ni tarina na Fulani ne, bai san iyaka ba. Da rani shina Dahome, da damina shina nan. In kana son ka kama shi sai ka bi shanu." Ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar, ko nonon bai motsa ba.

Bayanta wani takarkari ne ɗauke da buhunan gero, shi kuwa ba a koya masa tsallake ba. Ya sa ƙirji ya ja. Kuka ba ta motsa ba, benci ne ya bi. Na'Allah ya tafi a zaune kamar ango, yana kiran a tsaya da sunan hukuma, har benci ya ci karo da tushen gero ya juye shi cikin kwatar ruwan sama. Fataken da ke layi suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo daidai kansa sai ya yi masa tari uku don kada a ce ya karya doka.

Kwana biyu bayan haka ya tashi da kai kamar an ɗora masa dutsen niƙa, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Matarsa Barira ta taɓa wuyansa ta janye hannu.

"Malam, jikinka awa tanda. Ka kwanta."

"Zafin tunani ne. Duk manyan likitoci haka kansu shika yi." Ya zaro tsinken awo ya sa a baki, ya ciro ya nuna mata. "Kin gani? Layin na nan inda ya dace. Lafiya lau."

"Ni tun da ka kawo abin nan gidan ga ban taɓa ganin layin ya gusa ba."

"Don tun da na kawo shi ban taɓa ciwo ba."

Ranar ya buɗe abin da ya kira sansani. Ya kwashe kayan sito na makaranta, ya tara 'yan wasa goma sha uku a ciki da tabarminsu. Tagogi biyu ne a ɗakin, ya toshe su da tsumma ya liƙe da laka, don kada iskar Faransa ta samu hanya. Iyaye suka yarda, don su ma cin Kaoje ya ishe su. Safe da yamma akwai awo. Yara su yi layi, shi ya fara sa tsinke a bakinsa don ya tabbatar yana aiki, sannan ya bi su da shi baki-baki. Bayan awo sai magani: citta, kanumfari, masoro, tsamiya da barkono, an dafa a tukunya guda har ya yi baƙi. Ludayi ɗaya ne. Shi ke fara kurɓa don yara su ga ba guba ba ce, sannan ludayi ya zaga.

Lauwali ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, ai Malam Namadi cewa ya yi kowa da moɗarsa."

"Moɗa ya ce, ko ludayi?"

"Moɗa."

"To ka ga moɗa a nan? Buɗe baki."

Ana cikin zagayen ludayi Goggo Hamsatu ta leƙo da furar jikanta. Ta ga ɗaki duhu, ta ga Na'Allah yana jan hanci, ta ga ludayi na fitowa daga bakin Ɗanliti yana nufar na Manu. Ta ajiye furar. Ta kama hannun yaron ta ja.

"Goggo, ina za ki da ɗan wasana?"

"Ko maraƙi in ya yi majina ware shi muka yi daga garke. Kai kuma ka tara garke ka shiga tsakiya da majinarka."

"In ya fita ya fita ke nan. Na kore shi."

"Ka kyauta. Allah shi ba ka ladan kora."

Na'Allah ya gaya wa sauran cewa nan da kwana uku za a kawo Manu a ɗauke, kowa zai ga sakamakon jahilci.

Kashegari wata dabara ta faɗo masa. Ya tuna a birni ya taɓa leƙa wani ɗaki ya ga likitoci sun ɗaure baki da hanci da ƙyalle. Ya jira Barira ta tafi rijiya, ya buɗe adakarta ya ɗauko zanen da aka rino mata da shuni don ranar biki, ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba. Ya kai wa Bunyaminu.

"A yanka shi goma sha uku, kowane da igiya biyu."

Bunyaminu ya juya zanen. "Takunkumi kaka so? Ni na san jaki aka yi wa shi lokacin kaka, don kada shi ci dawar mutane."

"Na likita ne."

"Mai zanen ta sani?"

"Ilimi ba ya jiran shawarar mata."

Bunyaminu ya sa almakashi, yana cewa shi dai tela ne, abin da aka kawo shi yake yankawa.

Barira ba ta gano ba sai da azahar, da ta ga yara goma sha biyu sun zo wucewa ta ƙofar gida suna gudun horo, kowane da guntun zanenta a fuska, mijinta na biye da na goma sha uku. Ta tsaya da tulu a ka har suka zo daidai ita.

"Malam, wancan da ke bakin Ɗanliti ɗan Sakinatu, ba bakin zanena ba ne?"

Muryarsa ta fito a toshe. "Kin shiga tarihi, Barira. Zanenki ya yi wa ƙasa aiki."

"To ranar biki ƙasa ta ba ni nata in ɗaura. Tuwon dare kuma ka je ƙasa ta tuƙa maka."

Da yamma yakan tattara takunkuman ya zuba a ƙwarya guda, da safe kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya faɗa a kai. Yara suna gudu suna gumi, shuni yana aikinsa a ɓoye. Da yake ba a cire ƙyallen sai a cikin duhun sito, ba wanda ya lura.

Saura kwana huɗu, Ɗanliti ya ce kansa na sarawa. Yara biyu suka ce ƙafafunsu sun yi nauyi. Tsinke ya ce duk lafiyarsu lau. Duk da haka Na'Allah ya yanke shawarar a yi wa ɗakin turare, ko da wata 'yar mura ta laɓe a rufi. Ya cika kasko da garwashi, ya sa yara suka zauna, ya ja ƙofa ya sa sakata. Sannan ya watsa barkono cike da tafi biyu.

Abin da ya biyo baya, har unguwar mahauta an ji shi. Mutum goma sha uku suna atishawa da tari a ɗakin da ba taga. Na'Allah ya lalubi sakata ya kasa samu, ya kama kunnen wani yaro yana ja. Lauwali ne ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Hayaƙi ya bugo waje, yara suka biyo shi da rarrafe. Maƙwabta suka hango hayaƙi daga makaranta suka ce gobara. Mata suka fito da tuluna, maza da bokitai, duk wanda ya fito daga ɗakin sai a sheƙa masa. Na'Allah ne ya fito ƙarshe, shi ya sha ragowar ruwan unguwa, har da na wankin kifi. Masu kashe gobarar su ma hayaƙin ya iske su, aka tsaya ana atishawa ana yi wa juna sannu.

Hedimasta ya iso da gudu, takardar jawabi a hannu. "Malam Na'Allah, me nake gani haka?"

Na'Allah ya tsaya ruwa na ɗiga daga aljihunsa uku. "Nasara, ranka ya daɗe. Duk atishawar da kaka ji, mura ce ke fita. Yanzu ko ƙwaya ba ta rage cikinsu ba."

"Yaran nan rawar ɗari suke yi."

"Ɗokin wasa ne." Ya sa wa Ɗanliti tsinke ta ƙarƙashin ƙyalle, ya ciro ya miƙa. Hedimasta ya ga layi daidai kan jar alama. Shi malamin lissafi ne, ba ya musu da awo. Ya koma kan jawabinsa.

Ranar biki ta zo. Filin makaranta ya cika tun da safe, tutoci kore da fari a hannun kowane yaro. Manyan gari na zaune a rumfa, kofi na kan tebur yana ƙyalli. Babban malamin lafiya na lardi ya iso tare da Malam Namadi. Motar 'yan Kaoje ta sauke su, suka shiga fili suna tsalle-tsalle kamar 'yan awaki. Aka yi maci, aka yi jawabi, aka ce 'yan wasan gida su fito.

Suka fito. Na'Allah na gaba da farar riga, wadda yanzu ta koma ruwan ƙasa, yana taku ɗaya-ɗaya don ƙasa na juya masa. Bayansa yara goma sha biyu, fuska a ɗaure, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Ba ado ba ne, in ɗaya ya saki duk zubewa za su yi. Ya kai su gaban rumfa ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, ga ɗiyan da mura ta gagara. Tsarina ne, ni Dakta Na'Allah. Daga nan har Lolo babu..."

Bai ƙarasa ba Ɗanliti ya sulale ya zauna a ƙasa. Uwarsa Sakinatu ta ratso jama'a ta durƙusa ta fizge ƙyallen. Daga hancin yaron har haɓa shuɗi ne fes, leɓɓansa kamar an tsoma a marina. Ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Sauran iyaye suka ruga kowa ya kware fuskar ɗansa, kowane shuɗi. Wani ya ce ai wannan ce cutar Faransa, daga baki take fara rina mutum. Kafin ka ce kwabo fili ya watse. Masu ƙosai suka bar kasko, makaɗa suka bar ganga, 'yan Kaoje suka koma motarsu suka haye har saman kanta.

Baƙon lardi bai tashi da gudu ba. Ya ciro hankici ya tsoma a ruwan sha, ya goga a haɓar Ɗanliti. Hankici ya yi shuɗi, haɓa ta koma yadda Allah ya yi ta. Daga cikin mata aka ji muryar Barira.

"Shunin zanena ne, ranka ya daɗe. Rini bakwai anka yi mishi."

Jama'a suka fara dawowa da kaɗan-kaɗan. Baƙon ya taɓa goshin yara ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na sauyawa. Ya juya ga Na'Allah.

"Kai ne ka ce lafiyarsu lau?"

"Ba ni na ce ba, awo ya ce." Ya miƙa tsinken da hannu biyu.

Baƙon ya ɗaga shi ya duba a rana. Ya sa aka kawo kofin shayi mai tururi daga wajen mai shayi, ya tsoma, ya ciro. Layi na nan. Ya tsoma a ruwan randa. Layi na nan. Ya miƙa wa Hedimasta.

"Wannan ya mutu tun kafin a haifi wasu cikin yaran nan. Ko a wuta ka sa shi, lafiya lau zai ce. Da me kake wanke shi tsakanin yaro da yaro?"

Na'Allah ya hau gyara wuyan rigarsa. Lauwali ne ya amsa, muryarsa a dishe. Ya faɗi yadda Malam ke fara sawa a bakinsa, da ludayi guda, da tagogin da aka liƙe, da ƙwaryar takunkumi. Yana faɗa Malam Namadi na rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Da ya gama, Malam Namadi ya matsa ya kwance ƙyallen fuskar Na'Allah da kansa. Gashin baki shuɗi, hanci kamar famfo, idanu kamar gauta.

"Tun yaushe?"

"Zafin tunani ne."

"Tun yaushe, Na'Allah?"

"Tun bayan kasuwar Lolo." Ya so ya ƙara bayani, atishawa ta riga shi. Baƙon ya goce, Malam Namadi ya goce, ta sauka kan takardar jawabin Hedimasta. Hular Na'Allah ta faɗi ta gangara har gaban tebur.

Bunyaminu tela, daga inda yake tsaye, ya karkata kunne. "Jama'a, wagga ta hanci ta fito ko ta ƙirji?"

Fili ya kece da dariya, har 'yan Kaoje da ke saman mota. Hedimasta bai yi dariya ba. Ya tuna wa Na'Allah alkawarin da ya ɗauka da bakinsa. Nan gaban manya da yara Na'Allah ya tuɓe farar riga ya miƙa, ya tsaya da 'yar shara mai huji a kafaɗa.

Akwai wani kuma da bai yi dariya ba. Lauwali ya ja jiki har gaban alƙalin wasa, hawaye na bin shunin fuskarsa. Ya ce shi zai buga ko da rarrafe, don baɗi ba ya nan. A gefensa Manu ne tsaye, ya zo daga ruga da moɗarsa rataye a wuya, garau kamar an wanke shi. Shi kaɗai ne mai lafiya cikin 'yan wasan Bagudo. Doka ta ce in ƙungiya ta kasa fitowa a miƙa wa abokan hamayya kofi. Alƙali ya dubi malamin Kaoje.

Malamin ya sauko daga mota ya tsaya nesa kaɗan. Ya ce, "Mu shinkafa muka noma, ba mu saba girbin ɗanya ba. A ba su mako biyu su warke, mu dawo mu ci su da lafiyarsu."

Haka aka yi. Kowane yaro aka mai da shi ɗakin uwarsa, da moɗarsa, taga a buɗe. Malam Namadi ya bi su gida-gida. Cikin kwana goma duk sun miƙe, sai dai shunin ya ɗan daɗe a wasu. Aikin duba-gari aka ba wani. Na'Allah ya yi kwana tara a kwance, ba mai leƙa shi sai Barira, ita ma daga bakin ƙofa take turo masa kunu.

Ranar da aka sake haɗuwa, Hedimasta ya sa aka auna taku ɗari daga bakin fili aka kafa turke, ya ce in Na'Allah ya wuce shi a bakin aikinsa. Daga can ya kalli wasan, yana ba da umarnin da iska kaɗai ke ji. Aka yi ta fafatawa ba ci. Ɗanliti ya ture ƙwallo biyu da kowa ya riga ya ƙirga. Saura kaɗan a tashi, Lauwali ya tsaga tsakiya ya miƙa wa Manu, Manu ya bar masu tsaron baya suna kallon diddigensa, ya zura ta. Ɗaya da nema. Aka ɗaga Lauwali da kofi aka zaga gari har magariba.

Kashegari da la'asar sai ga Na'Allah a majalisar Bunyaminu, ya rame, amma tafiyar ba ta sauya ba. Ya nemi wuri mai kyau ya zauna, ya bari aka gama yabon yara.

"Duk kun gama? To bari ku ji abin da ba ku sani ba. Mura ba ta kama mutum sau biyu a wata guda. Na lissafa, na ga in an bar ta sai ta ɗauke su ɗaya-ɗaya har ƙarshen shekara. Shi ya sa na tara su na ba su ita gaba ɗaya, sunka gama da ita lokaci guda. Wanga shi aka kira rigakafi. Ko baƙon lardi bai kai nan a karatu ba."

Bunyaminu ya tsinke zare da haƙori. "Manu da ya ci ƙwallon fa? Shi ai bai sha rigakafin ba."

"Wa ya kore shi? Ni. Na san shi nika ajiye wa ranar."

"Kai kuma da ka fi kowa jin jiki?"

"Likitan ƙwarai shi ka fara ɗanɗanawa."

Aka ƙyale shi, don an ga babu ta inda za a ɓullo masa. Shi kuwa ya ɗauka an gamsu. Ya gyara zama ya ce yanzu ya gama da mutane, dabbobi zai koma. Ya ji an ce ciwon huhu ya ɓulla cikin shanu wajen Bahindi, kuma tsarin da ya yi wa 'yan ƙwallo zai yi wa shanu daidai, sai dai a ƙara girman ludayi. Gobe da hantsi zai fara da rugar su Goggo Hamsatu, kyauta, saboda zumunci.

Wani mai sayen nono da ke zaune a gefe ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce ya tuna wani uzuri, ya kama hanyar ruga.

Da hantsi Na'Allah ya isa ruga da tukunya a ka da igiya a kafaɗa. Ya tarar da turaku tsirara, toka da sauran ɗumi, sawun shanu ya miƙe yamma, wajen iyaka. Ba kowa sai Manu, zaune kan kututture da allonsa da ƙunshin kayansa, an bar shi zai zauna wurin kawunsa a gari saboda makaranta.

"Ina mutanen?"

"Sun tashi tun asuba, Malam."

"Ba su bar saƙo ba?"

"Goggo ta ce a gaishe ka. Ta ce da ciwon huhu da kai, sun zaɓi ciwon huhu."